Karen da Aka Tsayar a Ƙofar Asibiti

Akwai yini guda cikin shekarun da na yi a Jidda wanda ko gigin tsufa ya kama ni ba na jin zai goge shi daga raina. Shi ne yinin da na tsaya a bakin wani asibiti riƙe da igiyar kare, ni da hannuna bai taɓa sauka a jikin kare ba, mai karen kuwa yana ciki yana laluben hanyar da za ta kai shi wurin mahaifiyarsa.

A farkon shekarun dubu biyu ne. Ina zaune a unguwar Sharafiyya, a wani tsohon bene da ke bayan layin shaguna. Aikina tuƙin wanet, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya, ina ɗebo yadi daga sito ina rarraba wa shagunan Balad, tsohuwar kasuwar garin. Daga Damagaram na zo. Kafilina, wato ubangidan da takardun zamana ke hannunsa, shi ne mai yadin, mutum ne marar yawan magana, in dai kaya sun isa ba ruwansa da inda na bi.

Ƙofar ɗakina tana kallon ta wani maƙwabci makaho. Haihuwar Jidda ne, kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Gobir ya yi aikin hajji, bai sake komawa ba. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan Damagaram. Yana jin Hausa sarai, sai dai in magana ta yi zafi tsakiyar jimla Larabci kan ƙwace bakinsa. Ciwon suga ne ya cinye masa ido yana tsakiyar ƙarfinsa. Bai zauna ba. Ya samu aikin karɓar waya a wani kamfanin Faransawa da ke wajen tashar jiragen ruwa, kuma su ne suka tura shi ƙasarsu, ya yi 'yan makonni can, ya dawo da kare.

Karen babba ne, mai launin rairayi, kunnuwansa a kwance. Yana da wata ɗamarar fata da ake ɗaura masa a ƙirji, da mariƙi mai tauri a samanta kamar hannun akwati. In an ɗaura masa ita ya shiga aiki ke nan, ba ya duban kowa. Sunansa na can ƙasar ne, ban taɓa iya faɗarsa daidai ba.

Ba sai na faɗa ba, benenmu bai yi murna da zuwansa ba. Mu a yadda muka taso, kare na gadi ne ko na farauta, wurinsa waje. Mata kan tattare bakin abaya su manne da bango in sun haɗu da shi a matakala. Mai gadin benen, wani ɗan Yaman, kullum sai ya bi bayansu da bokitin ruwa, ko da kuwa babu abin wankewa. Ni ma dai nesa-nesa nake yi da shi, in zan gai da Yaya daga bakin ƙofa nake tsayawa. Amma ina da ido, kuma sau da yawa da safe ina ɗumama mota nakan ga fitarsu. Duk wanda ya san Sharafiyya ya san titunanta ba a yi su don mai ido ba ma, balle marar shi: ramin da masu haƙa suka bari a buɗe, motar da aka ajiye a kan hanyar masu ƙafa, kwandon shara, ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga ya mai da ƙasa santsi. Karen nan yakan kewaye su ɗaya bayan ɗaya, in sun zo bakin titi ya tsaya cak. Kafin zuwansa sai an samu wanda zai riƙe wa Yaya hannu zuwa inda motar kamfani ke ɗaukarsa. Bayan zuwansa har sauri yake yi, kansa a ɗage.

Ya taɓa ce mini, "Takardar da ke aljihuna ta shigo da shi ƙasar nan, amma ba ta iya shigar da shi ko bakala." Bakala ƙaramin kantin unguwa ne. Dariya na yi a lokacin, don shi ma da dariya ya faɗa.

Ranar da nake ba da labari, tsakiyar bazara ce, irin zafin Jidda mai haɗe da gumin teku wanda riga kan manne wa mutum a baya. Na dawo gida bayan azahar don in ɗan kwanta kafin shaguna su sake buɗewa. Tun daga nesa na hango Yaya a bakin babban titi, hannu ɗaya a mariƙin kare, ɗayan a sama. Ina kallo wata tasi ta rage gudu, ta kusa tsayawa, direban ya leƙo, ya taka mai ya wuce. Ta bayanta ta tsaya. Na ga sun yi magana, direban ya nuna bayan mota da babban yatsa, Yaya ya girgiza kai, ita ma ta wuce.

Na tsaya a gabansa na sauke gilashi. "Yaya, lafiya a wannan rana?"

"Ɗan Damagaram? Alhamdu lillahi. Ummi ce ta faɗi a gida, an kai ta asibiti. Ƙanwata ta bugo, ta ce sunana take ta kira." Ya share gumi da gefen hannu. "Wannan na ƙarshe cewa ya yi in saka shi a but. A but, a wannan zafi!"

Na san tsohuwar. A unguwar Mahjar take zaune da ƙanwarsa, kuma duk azumi sai ta aiko mini da kunun gyaɗa ta hannunsa. Matarsa a lokacin tana Madina wurin iyayenta, ta je goyon ciki, babu kowa a gidan sai shi.

Na dubi bayan wanet ɗin. Ƙarfe ne tsura, ko tafin hannu ba ya zama a kansa. Na buɗe ƙofar gaba na ce, "Bismillah." Ya shiga, ya faɗi kalma guda, karen ya hau ya naɗe a tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora haɓa a kan takalminsa. Har muka isa ko motsi bai yi ba. Ni ne ma nake ta satar kallonsa duk lokacin da na kai hannu giya.

A ƙofar asibitin akwai mai tsaro, matashi ne cikin kayan aiki, da oba-oba a ƙugu. Yana ganinmu ya miƙe ya ware hannu.

"Mamnu'," in ji shi, wato an hana. "Kare ba ya shiga."

Da Larabci suka yi maganar, ina jin mafi yawanta. Yaya ya ce masa, a natse, wannan ba karen wasa ba ne, jagora ne, shi ne idonsa. Ya ciro takardarsa ya miƙa. Mai tsaron ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan ta filin jirgi ce, shi ba a taɓa gaya masa komai game da kare ba, abin da ya sani kawai nan wurin marasa lafiya ne.

"Ɗana, uwata ce a ciki. Ba zai taɓa kowa ba, ba zai shinshini kowa ba. Ka bar mu mu kai bakin ɗakin kawai."

"Wallahi ya ammi," in ji shi, wato baffana, "ba a hannuna take ba. In na bar ka, ni za a kora."

Ya kira shugabansa ta oba-oba. Aka ce ya fita cin abinci. Ya sake kira, aka ce a jira. Kafin nan mutane sun fara taruwa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a ɗaure shi a jikin falwaya. Wani ya ce ai najasa ce, ya za a shigar da ita inda ake jinya. Wani dattijo ya ce a bar bawan Allah ya shiga mana, amma bai faɗa da ƙarfi ba, kuma ya wuce abinsa. Duk wannan hayaniya karen yana zaune a gefen ƙafar hagun mai shi, harshe waje saboda zafi, bai kalli ko mutum ɗaya ba.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Ban ji abin da ƙanwar ta ce ba, na dai ji amsarsa: "Ina ƙofa. Ki ce mata ina ƙofa."

Ya kashe wayar. Daga nan ya durƙusa ya kwance ɗamarar, ya bar igiyar wuya kawai, ya miƙo ta wajen da ya ji muryata.

"Ɗan Damagaram, riƙe mini amana. Kada ka bar shi a mota, zafi zai kashe shi. Kada ka bari kowa ya ba shi abinci. Ruwa kawai. In kana so ya kwanta ka ce masa kushe. In kana so ya tsaya wuri ɗaya, pa buje."

Sai a lokacin na gane ashe duk kalmomin da nake jin yana faɗa wa karen Faransanci ne, irin wanda aka dinga cusa mana a lakwal, wato makarantar boko, muna yara. A duk taron nan, ban da mai shi, babu mai iya magana da karen sai ni. Na karɓi igiyar.

Mai tsaron, don ya nuna ba mugunta yake nufi ba, ya ce shi zai kai shi ciki. Ya kama hannun rigar Yaya ya ja shi gaba kamar mai jan rago. A lokacin ban san cewa ba haka ake yi wa makaho jagora ba, cewa gwiwar hannunka za ka ba shi ya riƙe, ya bi ka a baya kaɗan. Shi ma mai tsaron bai sani ba. Ina kallo kafaɗar Yaya ta daki gefen ƙofar gilashi, ya yi tuntuɓe a dakali, suka ɓace ciki. Ba a jima ba mai tsaron ya dawo bakin aikinsa shi kaɗai.

Na ja karen zuwa 'yar inuwar katangar asibitin. Ƙasa ta yi zafi, na ɗauko kwalin yadi daga mota na shimfiɗa, na ce kushe. Ya kwanta, amma ya juya har sai da fuskarsa ta kalli ƙofar da mai shi ya shiga. Na yanke gindin robar ruwa na zuba masa, ya sha, ya mai da ido ƙofa. Wani mai wucewa ya jefo masa ragowar burodi, ya faɗi dab da hancinsa, ko kallonsa bai yi ba. Wani ya tofar da yawu ya canza hanya. Ni dai ina tsugune ina ji kamar duk garin ni ake kallo.

Can sai ga wata mata ta fito da sauri tana waige-waige. Da ta hango karen ta nufo mu. Ƙanwarsa ce.

"Malam, ina Yaya?"

"Ai ya shiga tun ɗazu, Hajiya."

"Bai iso ba! Wa ya kai shi?"

Na nuna mai tsaron. Ta tambaye shi, ya ce ya kai shi wurin karɓar baƙi, ya zaunar da shi a benci, ya ce ya jira za a zo a ɗauke shi. Ta koma ciki da gudu.

Abin da ya faru a ciki daga baya na ji shi daga bakin Yaya, a hankali, guntu-guntu. Ya zauna a bencin nan yana jira, babu wanda ya zo. Mai tsaro ya ɗauka ma'aikacin tebur zai kula da shi, ma'aikacin tebur ya ɗauka wani nasa yake jira. Sandarsa kuma tana gida, don mai kare ba ya fita da sanda, gaggawa ma ba ta bar shi ya tuna da ita ba. Da ya gaji ya tashi ya bi bango. Ya tambayi wani, aka nuna masa hanya da yatsa aka ce can. Ya shiga lif, aka sauke shi a hawan da ba shi ba. Ya kira ƙanwarsa, ta ce kana ina, ya ce ban sani ba. Yana faɗa mini wannan ya ce tun da ya makance bai taɓa jin shi makaho ne ba kamar a wannan barandar.

Ba zan ce karen ya san ɗakin da tsohuwar take ba. Bai sani ba. Amma da shi Yaya kan ce nemo ƙofa, nemo lif, nemo matakala, ya tambayi mutane hanya da baki ya tafi da ƙafarsa, ba ya zaman jiran wanda zai tuna da shi.

Aka kira la'asar. Na ɗaura igiyar a ƙarfen gaban mota, na ce pa buje, na yi alwala da sauran ruwan na yi salla a gefe. Na idar na tarar da shi yadda na bar shi. Inuwa ta yi tsawo, rana ta yi sanyi, aka canza mai tsaro, aka kira magariba. Sau ɗaya kawai na ji karen ya yi wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, sai na samu kaina ina shafa masa kai ban shirya ba.

Bayan magariba suka fito, ƙanwar tana riƙe da hannunsa. Tun kafin in gane su karen ya miƙe, jelarsa tana kaɗawa, duk jikinsa yana rawa, amma bai ja igiyar ba. Fuskar ƙanwar ta gaya mini komai. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Yaya ya durƙusa ya ɗaura ɗamarar, ya daɗe yana gyara maɗaurin da ba ya bukatar gyara.

A mota ne ya yi magana, fuskarsa a gaba. "Da na isa ta riga ta daina magana. Na riƙe hannunta, da ɗumi, har ta cika. Amma ba ta san na zo ba." Muka wuce fitilar hanya, sannan ya ce, "An ce ta yi ta kirana har ta gaji."

Na ci gaba da tuƙi.

A Mahjar aka yi zaman makoki, irin na mutanen Hijaz: a toshe lungu, a jera kujeru, a rataya fitilu, maza su zauna tsakanin magariba da isha, ana zagayawa da gahawa da dabino, mai karatu yana karatu. Yaya ya zo da karensa, ya kwantar da shi a ƙarƙashin kujera. A daren farko an yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa, ba wanda ya fito fili. A na biyu, da mai karatu ya tsagaita, wani dattijo ɗan kasuwa mutumin Chadi, surukin gidan ne, ya matso ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ba lokacin magana ba ne. Amma ana karatun Alƙur'ani, ga kare a tsakiyar mutane. Da ka sa an kai shi bayan lungu."

Na ɗauka Yaya zai yi fushi. Bai yi ba. Ya miƙe tsaye, ya dafa bayan kujera, ya yi magana da muryar da kowa zai ji, rabi Hausa rabi Larabci.

"Baba, na gode da ka faɗa a gabana. Shekaranjiya ma an ce in ajiye shi a waje, na ajiye." Ya ba su labarin ƙofar asibiti, da benci, da lif, ba ƙari ba ragi, bai zagi kowa ba. Ya ce, "Ba na cewa da an bar shi ya shiga Ummi ba za ta rasu ba. Kwananta ne ya ƙare. Ina cewa da ta ji muryata. Ku duka nan da idanunku kuka zo ta'aziyya, ba wanda aka ce ya ajiye nasa a bakin lungu. Ni nawa ne a ƙarƙashin kujerar nan."

Sai limamin ƙaramin masallacin unguwar, wani siririn tsoho, ya gyara murya. Ya ce malamai sun saɓa a kan yawun kare, kowa da abin da ya karanta, kuma ba zai warware wannan a zaman makoki ba. Amma bai san malamin da ya hana riƙe kare don bukata ba, ga na kiwo, ga na farauta. Ya ce in Allah ya halatta mana naman da horarren kare ya kamo, to ina ga wanda aka horar don ya tsare bawan Allah daga faɗawa rami? Ya juya ga mai karatu ya ce, "Ci gaba."

Dattijon ɗan Chadi bai ce ya yarda ba. Ya koma kujerarsa, ya ɗan ja ta gefe. Amma bai tashi ba, kuma washegari ya dawo.

Bayan makokin na ɗauka magana ta ƙare. Ashe a wurin Yaya farawa ta yi. Wata Alhamis da safe, ranar hutunmu, ya buga mini ƙofa ya ce in kai shi asibitin nan. Muka je, muka tarar da mai tsaron ranan. Yana ganinmu ya sunkuyar da kai, don labarin rasuwar ya kai masa.

"Ka yafe mini, ya ammi."

"Ba kai ba ne, ɗana. Ba wanda ya gaya maka. Shi ya sa na zo, in gaya wa wanda zai gaya maka."

Da ƙyar aka bar mu muka ga mudir, wato shugaban asibitin, kuma a tsakar gida ya fito ya same mu, don har lokacin karen bai da izinin shiga. Ya saurara har ƙarshe. Ya yi tambayoyi: allurar rigakafi fa, fitsari fa, in ya ga jini fa, in yaro ya ja masa jela fa. Yaya ya amsa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe mudir ya ce ba zai bari kare ya shiga ɗakin majinyata ko na tiyata ba, kuma Yaya ya ce shi ma bai nemi haka ba. Amma ya yarda karen jagora ya shiga har bakin ɗaki, kuma duk makahon da ya zo shi kaɗai a haɗa shi da ma'aikacin da ba zai sake shi ba sai ya kai shi inda za shi. Kafin mu tafi Yaya ya kira mai tsaron ya nuna masa yadda ake ba makaho gwiwar hannu, suka zagaya tsakar gidan tare, yana ce masa, "Ka faɗa mini da baki. Kada ka ce can. Ka ce dama, ka ce hagu, ka ce ga dakali."

Daga nan Alhamis ta zama ranar yawonmu. Muka je inda direbobin tasi ke taruwa shan shayi a gefen Balad. Da farko dariya suka yi. Yaya ya sa aka ajiye cinyar kaza a ƙasa gaban karen, ya ci gaba da magana, har ya gama karen bai sauke kai ba. Wannan ya fi duk bayanin kama su. Ya ce musu ba a kujera yake zama ba, a ƙasa yake kwanciya wajen ƙafa, kuma in suna ƙyama ga tabarmar roba yana yawo da ita. Ya ce in sun ga ɗamara a jikinsa kada su kira shi, kada su taɓa shi, kada su ba shi komai, don mai aiki ne, in hankalinsa ya rabu makahon ne zai faɗa gaban mota. 'Yan kaɗan suka ba shi lambar waya suka ce ya kira su duk lokacin da yake so. Mafi yawa suka ce Allah ya sauwaƙe, suka koma shayinsu. Muka je bakalar unguwa, da kantin magani, da gidan abinci na 'yan Yaman. Wani wuri a yarda, wani wuri a ce sai dai ya tsaya a ƙofa a miƙo masa. In an hana shi ba ya ɗaga murya. Yakan ce, "To, zan dawo," kuma yakan dawo.

Ba zan yi ƙarya in ce Jidda ta canza ba. Har na bar garin tasi suna wuce shi a bakin titi. Abin da ya canza ɗan kaɗan ne, kuma a iya inda ƙafarsa ta taka ne: layinmu, da wasu shaguna, da asibiti guda. Lokacin da matarsa ta dawo daga Madina da jaririya, a wannan asibitin ake kai ta awo, kuma na sha ganinsu suna shiga ta ƙofar gilashin nan, uwa da 'ya a gaba, shi da karensa a baya, mai tsaro yana matsa musu hanya.

Yanzu na dawo gida, na tsufa, ni ma idona ya fara hazo. Nakan tuna mutanen da suka tsaya tsakanin Yaya da mahaifiyarsa a yinin nan: direban tasi, da mai tsaro, da ma'aikacin tebur, da wanda ya nuna hanya da yatsa. Na duba na sake dubawa, ban samu mugu ko ɗaya a cikinsu ba. Kowannensu ya yi abin da ya ga kamar shi ne daidai, ya koma gida ya ci abincinsa. Amma abin da suka haɗu suka yi, ko maƙiyi iyakar abin da zai yi ke nan.

Darasin da na ɗauka shi ne, abin da naƙasasshe ya dogara da shi, sanda ce, keke ne, ko kare, ba kaya ba ne da za ka ce ya ajiye a ƙofa, sashen jikinsa ne, in ka raba su ka hana shi shiga ko da ka buɗe masa ƙofar. Kuma duk ranar da Allah ya ɗora ka a bakin wata ƙofa, aka zo maka da abin da ba ka saba gani ba, kafin ka ce an hana, ka tambayi mai shi me yake yi masa. Tambayar ba ta cin lokaci. Wanda yake jira a ciki kuwa, ba ka san lokacin da ya rage masa ba.